Ɗan Dije da Ɗan Mai Hasumiya

Yanzu na iso wurin da kuke jira. Na san halinku, duk abin da na rubuta a baya na zuwan iyayena Makka da ƙafa da aurena da babanku tsallake shi za ku yi ku nemi wannan. To, ga shi. Maganar babban yayanku ce, wanda kuka sani da Ɗan Dije. Kun san ba na faɗin sunansa, ɗan fari ne, kuma ba da tsufana zan fara ba. Kun taso kuna jin matan unguwarmu ta Misfala, nan Makka, suna cewa Safiya ba ta da zuciyar uwa, an miƙa mata ɗanta ta ƙi karɓa. Ke Habiba har kin taɓa faɗa mini ido da ido, wai wadda ta iya yar da ɗanta babu abin da ba za ta iya ba. Ranar ban mare ki ba, ban kuma amsa miki ba. Yau zan amsa. Amma sai kun yi haƙuri da ni, don amsar tana haɗe da wani basarake da ya mutu an fi shekara ɗari biyar, a wata ƙasa da ake kira Ailan, wanda ko sunansa bakina bai taɓa iya kamawa ba.

Dije yayar babanku ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A unguwar Hindawiyya take zaune da mijinta Mamman, mai ɗaukar ruwa, gwangwani biyu rataye a sanda, tun safe har kafaɗarsa ta yi kanta. Allah bai ba Dije haihuwa ba. Da na yaye yaron sai aka yi abin da aka saba yi: ta zo da sabon zane, ta goya shi, ta tafi. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin tambaya ba, don ni kaina gwaggona ce ta riƙe ni. Kunya ba ta bar ni ko na raka su bakin ƙofa ba. Ɗaki na shiga na yi ta kakkaɓe tabarmar da ba ta da ƙura. Bayansa na haifi mata biyu, Zainabu da Hauwa, na ce to, ga nawa. Shekarar da aka gama babban yaƙin Turawa ƙyanda ta shigo unguwa, ta ɗauke su duka biyu a wata guda. Gida ya yi tsit. Ina dafa abinci in zuba a kwano uku in tsaya ina kallon biyun. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa hanyar teku ta buɗe, Mamman ya ce kafaɗarsa ta gaji, Kano zai koma ya ƙarasa kwanansa a gonar ubansa. Da an gama aikin Hajji za su tafi, shi da Dije da yaron. Lokacin yana da shekara bakwai.

Babanku yana cin abincin rana na zauna gabansa, abin da ban saba yi ba.

"Malam, ina son ɗana."

"Wane ɗa?"

"'Ya'ya nawa na haifa da suke raye?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ya ce, "Yaya ce fa, Safiya."

"Na san ko wace ce. Ita za ta tsallake teku da shi, ni in zauna ina ƙirga kaburbura?"

Babanku mutum ne mai gudun rigima, in ya ga an ɗaga murya sai ya tuna bai yi nafila ba. Can ya ce, "Bari a sauko daga Arfa. In kina nan kan bakanki, ba zan hana ki ba. Haƙƙinki ne." Kafin mako ya zagayo maganar ta isa kunnen Dije, don a Misfala ko tari ka yi sai an ji a Hindawiyya.

A wannan watan ne baƙon ya sauka. Babanku yana aiki ƙarƙashin wani muɗawwifi, wato jagoran alhazai, babanku ne yake tarbar alhazan ƙasarmu ya sama musu masauki ya zaga da su, wasu kuma a ɗakinmu na waje suke sauka. Wata rana da hantsi ya shigo da ayarin mutanen Sudan, cikinsu akwai wani dogon tsoho jajawur, gemunsa kamar gashin masara, idonsa irin na kyanwa, fatar hancinsa duk rana ta saluɓe ta. Na leƙa ta labule na ce a raina wannan bawan Allah wace cuta ce ta kama shi. Sai kawai na ji ya ce:

"Salamu alaikum, uwargida. Mun same ku lafiya? Yaya gida, yaya haƙuri da mu?"

Saura kaɗan in saki tukunyar da ke hannuna. Bature ne, yana Hausa har da karin Katsinawa. Ashe shekara kusan talatin ya yi a gonakin auduga na Sudan tare da mutanenmu, a bakinsu ya koyi harshen, a hannun wani malaminsu kuma ya musulunta, aka sa masa Abdulkarimu. Mu dai Alhaji Ja muka riƙa kiransa, yana amsawa da dariya. Abu ɗaya ne ba ya dariya a kai. Wani maƙwabcinmu ya ce masa ai mutanensu ne suka kori iyayenmu daga Hausa, sai ya miƙe tsaye, wuyansa ya ƙara ja.

"Ni ba Baturen Ingila ba ne! Ni mutumin Ailan ne. Sun ci ƙasarmu tun kafin su san hanyar taku."

Ranar da babanku ya kai shi Harami, ya dawo yana ba ni labari yana girgiza kai. Wai suna shiga ƙofa, tsohon nan ya ɗaga ido ya ga Ka'aba. Ya durƙushe a wurin yana kuka kamar yaro, sai da mutum biyu suka tallafe shi. Na ji kunya ta kama ni. Ni da aka haifa ina jin kiran sallar Harami daga shimfiɗata, ta gefensa nake wucewa in zan sayo albasa, ban tuna ranar da na tsaya na dube shi da irin wannan idon ba. Daga ranar na fara ganin girman Alhaji Ja, na kuma riƙa ƙara masa nama a miya.

Kowace Juma'a Dije takan biyo ta gidanmu da yaron bayan an sauko. Wannan Juma'ar ta zo, muka gaisa sama-sama, kowa tana kallon bango. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon wani wuri kamar yadda ya kamata. Alhaji Ja yana zaune a rumfar ƙofa yana ganin komai. Da suka tafi na ji yana tambayar babanku, yaya aka yi yaron nan ya ɗebo fuskar uwargida kaf, amma ita ko kallonsa ba ta yi, shi kuma waccan yake kira Inna? Babanku ya yi masa bayanin riƙo, yana ɗan jin nauyi, don ya zaci Bature zai ga abin kamar rashin imani. Sai tsohon ya buga cinyarsa.

"Allahu akbar! Mu ma haka muke yi! Kakannina haka suke yi!"

Daga nan bakinsa ya buɗe. Kullum bayan la'asar suna rumfa shi da babanku, ni ina bayan labule ina tsintar shinkafa, shinkafar da ba ta ƙarewa. Labarin kakan kakanninsa yake bayarwa, wanda gidansu duka suke jingina da shi. Ya faɗi sunan sau uku, na gwada, ya fito kamar mai kakin majina, sai na ce ni dai Mai Hasumiya zan ce. Don a hasumiyar dutse yake zaune, hawa huɗu, a bakin wani tafki, shanu a ƙasa, iyali a sama. Wai ƙasar tsibiri ce a ƙarshen duniya, bayanta babu komai sai ruwa. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, ciyawa ba ta bushewa, rani da damina kore shar. Ni da na girma ina ganin ana rigima kan gwangwanin ruwa ɗaya, na ce wannan ko dai ƙarya yake ko Aljanna yake kwatantawa. Arzikin mutum da shanu ake aunawa. Sarakunansu suna yawo da riga mai ruwan ɗorawa da babban bargo mai gashi, sau da yawa ƙafa ba takalmi, abincinsu nono da man shanu. In za a naɗa sarki, ba lalle ɗan marigayi ba, dangi ne suke zaɓa cikinsu, a tsayar da shi kan wani dutse da kakanni suka tsaya, a miƙa masa farar sanda. Akwai kuma gidan maroƙa da suka gaji riƙe asali, uba ya koya wa ɗa, su jero maka kakanni ashirin ba su yi tuntuɓe ba, sarki da kansa yana tsoron bakinsu. Babanku ya ce, "Alhaji, anya ba Fulani ba ne ku, rana ce kawai ba ta gasa ku ba?" Suka yi ta dariya.

Ni ba dariya nake ba, tsigar jikina ce take tashi. Nasara ne fa, ba su taɓa jin sunan Kano ba, mu ba mu taɓa jin nasu ba, amma ga sandar sarauta, ga maroƙa, ga riƙo. Alhaji Ja ya ce a can babu basaraken da yake renon ɗansa da kansa. Tun yana ƙarami ake kai shi wani gida, sau da yawa gidan talakan sarkin, a koya masa hawan doki da iyo da wani wasa irin dara, ba ya dawowa sai ya kai shekara goma sha bakwai. Wai zumuncin da ke tsakanin yaro da gidan da suka riƙe shi ya fi na jini ƙarfi, har mutum yakan yaƙi ɗan ubansa, amma ba ya ɗaga hannu a kan wanda suka sha nono ɗaya. Ran nan ya fara cewa shi Mai Hasumiya ma ya taɓa zuwa karɓo ɗansa kafin lokaci, sai babanku ya yi gyaran murya ya ce an kusa kiran magariba. Na gane sarai don ni ya katse maganar.

Aka fita Arfa. Ni kowace shekara aikina dafa wa alhazan muɗawwifin nan abinci, amma da haramata nake zuwa, in haɗa aiki da ibada. Ku da kuka san Arfa da motoci da fanka ba za ku gane ba. Fili ne fetal, raƙuma da jakuna da tantuna iya ganinka, mutane fari fat kamar an shanya auduga, kowane harshe da Allah ya halitta yana tashi lokaci guda da Labbaika. Na sha gani, amma duk shekara sai ƙirjina ya cika. Rana kuwa ranar ta buɗe sosai. Kafin azahar aka kawo Alhaji Ja ranga-ranga, kansa a buɗe kamar kowane namiji mai harama, rana ta buge shi. Aka kwantar da shi a inuwar tantin girki, babanku ya jiƙa masa jiki ya koma wurin sauran alhazai. Na dama masa kunun tsamiya na ajiye kusa da shi. Mace mai harama ba ta rufe fuska, ranar ce farkon da muka ga juna sosai. Na ce in ban tambaya yau ba, ba zan sake samun dama ba.

"Alhaji, Mai Hasumiya da ya je karɓo ɗansa, me ya faru?"

Ya dube ni. Ya ce, "Uwargida, Malam ba ya so in faɗa."

"Malam yana can. Ni na tambaye ka, a Arfa kuma ba a ɓoye gaskiya."

Ya kurɓi kunun, ya fara. 'Ya'ya maza uku gare shi. Ƙaramin tun yaye aka kai shi hayin tafki, gidan wani shugaban makiyayansa. Sai annoba ta shigo ƙasar, ta kashe manyan biyu a kaka ɗaya, dukansu sun riga sun dawo gida sun zama samari. Matarsa ta ce a ɗauko mata wanda ya rage. Ya shiga jirgin ruwa na fata da mutanensa ya haye. Makiyayin ba shi da bakin hanawa, ubangidansa ne. Ya nuna masa inda yara suke kiwo, Mai Hasumiya ya ce kowa ya tsaya, shi kaɗai zai je. Ya tarar da yara biyar a cikin bargo ɗaya suna fakewa ruwan sama, ya gane nasa da goshi. Ya ce masa, yaro, ɗan wane ne kai? Yaron ya faɗi sunan makiyayin. Ya ce, wace ce uwarka? Ya nuna bukkar da hayaƙi yake tashi. Ya ce, mai hasumiyar can fa ta hayi, ka san shi? Yaron ya ce, na san shi mana, mutumin kirki ne, shi ya aiko mini da doki. Sai basaraken nan ya juya ya koma jirginsa shi kaɗai. Da mutanensa suka tambaye shi ina yaron, ya ba su amsar da maroƙan gidan suka riƙe har yau: in na ɗauke shi maraya zan kai gida, kuma ni na mayar da shi maraya.

Na ce, "Daga nan fa?"

"Bai sake ganinsa ba. Ya mutu saura shekara biyu yaron ya dawo. Ƙannen marigayin suka so su riƙe sandar, sai 'ya'yan makiyayin nan huɗu suka rako yaron, suka tsayar da shi kan dutsen da ƙarfin tsiya. Biyu a cikinsu a wurin suka mutu. Ni daga tsatson yaron na fito."

"Ba shi nake tambaya ba. Uwar fa?"

Ya ce maroƙan ba su riƙe sunanta ba, 'yar wane kawai suke cewa. Abin da aka sani, ta kira magina ta sa suka fasa bangon ɗakinta, bango mai kaurin tsawon mutum, suka buɗe mata taga mai kallon hayin tafki. An ce ba ta sake yi wa mijinta magana ba har ya mutu. Hasumiyar ta rushe, tumaki ne suke kwana a ciki, amma bangon nan yana tsaye, shi Alhaji Ja da kansa yana yaro ya hau ya leƙa ta tagar.

"To, wa ya yi daidai, shi ko ita?"

"Uwargida, shekara ɗari biyar ana wannan gardamar a gidanmu. Maza suna cewa shi, mata suna cewa ita. Ni da na tsufa ban sani ba."

Bai ƙara ko kalma ba, bai ce in yi kaza ko in bar kaza ba, na kuma gode masa da haka. Da rana ta karkata kowa ya tashi tsaye ya fuskanci alƙibla. Filin nan duka ya ɗauki kuka da addu'a, wata irin ƙara mai kama da ruwan sama yana tahowa daga nesa. Na ɗaga hannu. Da addu'ata na zo a shirye, wata biyu ina tanadinta: Allah ka maido mini da ɗana. Bakina ya ƙi faɗa. Abin da ya cika mini zuciya shi ne girman Ubangiji. Ya halicci wata mace a tsibirin da ke ƙarshen duniya, tun ba a haifi kakannin kakannina ba, ya sa mata ciwon da yake cina, sannan ya raya zuriyarta ɗaya bayan ɗaya, ya musuluntar da ɗaya cikinsu, ya koya masa Hausa, ya ja shi har gindin murhuna ya buge shi da rana don ya ba ni labarinta. Na ji ni ƙanƙanuwa ce ƙwarai, na kuma ji ana ganina. Na yi kuka har muryata ta dushe. Da na samu bakin magana, abin da ya fito kawai shi ne, Allah ka yi wa yaron nan abin da ya fi masa. Har addu'a na so in yi wa matar, ban san ko ya halatta ba, sai na ce Allah kai ka san ta.

Kada ku ɗauka na sauko daga Arfa na zama waliyyiya. Muna gama kwanakin Mina zuciyata ta dawo inda take. Na ce labarin Nasara ne, su suka ga za su iya. Washegari da sassafe na yafa mayafi na kama hanyar Hindawiyya, ina tafe ina shirya abin da zan faɗa in Dije ta tayar da rigima. Rigima nake so, don da ta yi mini sauƙi.

Ba ta yi ba. Na tarar ta share tsakar gida, ta ɗaure kayansa a zane. Idonta ya kumbura. Muka gaisa, ta turo ƙunshin gabana.

"Ga kayansa. Ba ya cin kuɓewa, kada ki matsa masa. In zazzaɓi ya kama shi sai an sosa masa baya yake barci. Yana tsoron raƙumi, amma ba ya so a sani, in kun haɗu da shi a hanya ki koma ɓangaren raƙumin kamar ba da gangan ba."

Ko ɗaya ban sani ba. Ta kira shi ya fito. An yi masa wanka, an shafe shi da mai, yana sanye da rigar sallarsa. Ya durƙusa gabana, hannu a gwiwa. Ranar na ajiye kunya na dube shi sosai, tun daga kai har ƙafa, karo na farko tun yaye. Goshin Zainabu ne, bakin Hauwa ne. Yana cije leɓe.

"Inna ta ce in bi ki, kada in yi kuka, in yi miki biyayya."

Na ce, "To, madalla."

Ya ɗan matso, ya rage murya don kada Dije ta ji. "In na yi biyayya sosai, za ki maido ni kafin su tafi?"

'Ya'yana, ban san abin da uwa mai zuciya za ta yi a nan ba, ku da kuka iya hukunci sai ku faɗa mini. Ni dai na ga yaro ɗan shekara bakwai yana shirin rasa uwarsa, na kuma ga wadda za ta raba su. Na san ɗacin binne 'ya'ya biyu, ban ga yadda zan ɗora wa wanda ya rage irinsa ba. Na ɗora hannuna a kansa. Kan yana da ɗumi, an yi masa sabon aski. Na ji muryata tana cewa:

"Kai, wa ya ce maka ɗaukarka na zo yi? Ji mini yaro da shirme. Rariya na zo aro. Yaya, tawa ta huje, ba ni taki."

Ya dubi Dije, ya dube ni, sai ya kwasa da gudu ya faɗa jikinta, kukan da aka hana shi ya ɓalle. Dije ta ɗauko rariyar ta miƙo mini. Ta biyo ni har ƙofa ta riƙe mini mayafi.

"Safiya, kin san abin da kike yi? Kano fa za mu. Ba Jidda ba."

"Na sani, Yaya."

"Wallahi ban roƙe ki ba."

"Ba ki roƙe ni ba. Sakar mini mayafi kafin in canja."

Haka na ratso Makka da rariya a hannu. Matan unguwa suna zaune a ƙofa suna jiran su gan ni da yaro, suka gan ni da abin tankaɗe. Daga nan maganar da kuka taso kuna ji ta samo asali, ni kuwa ban tsaya yi wa kowa bayani ba, don in na buɗe baki kuka ne zai fito, ba kuma zan ba su wannan abin kallon ba. Babanku ya dubi rariyar ya dube ni, ya shiga ɗaki, na ji yana fyace hanci. Alhaji Ja ya tafi bayan kwana uku. Ban gaya masa komai ba, bai tambaya ba, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Su Dije suka hau motar Jidda a ƙarshen watan. Ban je rakiya ba, aka ce kunyar ɗan fari ce, na bar su a haka.

Na yi nadama, kada wani ya ce muku ban yi ba. Shekara biyu kafin in samu cikinka, Usmanu, kuma a cikinsu babu ranar da ban zagi kaina ba, na haɗa da Mai Hasumiya da jirgin fatarsa. Amma labari yana zuwa ta bakin alhazai: ya sauke Alƙur'ani, ya koyi ɗinki, ya yi aure, ya gina wa Dije ɗaki mai rufin kwano. Sau biyu ya zo Hajji, kun gan shi, a ɗakin waje ya sauka, mutum mai fara'a da natsuwa, wanda ka gani ka san ba a taɓa karya masa zuciya yana yaro ba. Ya san ni na haife shi, ba a ɓoye masa ba. Yana kawo mini turmin atamfa da daddawa, yana ce mini Hajiya.

Shekara takwas ke nan wani alhaji ya kawo mini takarda daga gare shi. Ku kuna wurin aiki, ni kaɗai na karanta, ban kuma nuna wa kowa ba. Bayan gaisuwa ya ce: Hajiya, ina sanar da ke mahaifiyata ta rasu ran Talata, kanta a kan cinyata. Ke da kike kusa da Ɗakin Allah, ki taimake ni ki yi mata addu'a, don ba ni da kamarta. Na ninke takardar. Na yi alwala na tafi Harami da gwiwoyin nan nawa, na yi wa Dije ɗawafi, na roƙa mata gafara da zuciya ɗaya, don ta cancanta. Na dawo na zauna na rubuta masa amsa. Na ce Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya ba ka haƙurin rashinta, ta riƙe ka da kyau, ni shaida ce. Da na zo sa suna a ƙasa na daɗe riƙe da alƙalami har tawadar ta bushe. Mutum yana cikin makokin uwarsa, ba ranar da za a kawo masa wata ba ce. Na sake tsoma alƙalamin na rubuta: daga Safiya, matar kawunka.